Babi na 7: Gane Ciwo a Tafiyar Kare

Darasi na 1: Kallo kafin taɓawa

Kalmarmu ta yau ita ce ɗingishi. Mu raba ta: ɗin-gi-shi. A lura da lanƙwasar da ke kan harafin farko, ɗ ce, ba d ba. A rubuta sau uku. Wanda hannunsa ke rawa ya bi a hankali, ba tsere muke yi ba.

Kare ba shi da bakin cewa nan ke yi min ciwo, kuma sau da yawa ko kuka ba ya yi. Tafiyarsa ce ke tona shi. Ka nemi shimfiɗaɗɗen wuri, ba kan duwatsun nan namu na Jos ba, don a kan dutse ko lafiyayyen kare tafiyarsa karkacewa take yi. Wani ya riƙe igiya ya tafi da shi taku 20, ya dawo. Kai kuma ka tsuguna kana kallo. Kada ka taɓa tukuna.

Darasi na 2: Kai

Nan ne kowa ke tuntuɓe, don haka a nan za mu daɗe. Idan ciwon a ƙafar gaba yake, kan kare zai riƙa yin sama da ƙasa. Lokacin da ƙafar mai ciwo ta taka ƙasa, kai yana yin SAMA. Lokacin da lafiyayyar ta taka, kai yana yin ƘASA.

A sake karantawa. Mai ciwo, kai sama. Lafiyayya, kai ƙasa.

Me ya sa? Ƙafafun gaba ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin kare, sai ya ɗaga kai don ya rage wa mai ciwon kaya. Ka saka tsakuwa a takalminka na dama ka yi tafiya. Da ka taka ta za ka ji ka zabura sama, sannan ka saki nauyinka a kan hagu. To haka kare yake yi.

Madalla. Yanzu a rufe littafi a faɗa da baki: idan kai ya yi ƙasa, wace ƙafa ce ta taka? Lafiyayya.

A ajinmu na bara akwai wani dattijo mai gadi a Gangare da ya kwana bakwai yana shafa wa karensa man zafi a ƙafar hagu, saboda a kanta yake ganin kai na sunkuyawa. Da muka ɗaga ta dama, sai ga ɓallin kwalba ya nutse tsakanin yatsu, wurin har ya yi ruwa. Na ce, Baba, ai ba laifinka ba ne, ba wanda ya taɓa nuna maka. Amma ku an nuna muku. Sau huɗu ke nan ina maimaitawa, kuma na san gobe wani zai ce min kai ƙasa ita ce mai ciwo. Haba jama'a!  Mai ciwo, kai sama.

Darasi na 3: Ƙafafun baya

A nan ƙugu ake kallo, daga baya. Mai ciwon takunta gajere ne, ba ta daɗewa a ƙasa. Wani karen haɗa ƙafafun biyu yake yi yana tsalle irin na zomo. Tsohon kare kan tashi a sandare da asuba cikin sanyin Disamba da Janairu, sai ya ɗan zagaya jiki ya saki. Wannan ciwon gaɓoɓi ne. A shimfiɗa masa buhu, kada ya kwana kan siminti.

Darasi na 4: Dubawa

A ɗaure masa baki da tsumma, don ciwo kan sa kare ya ciji ko ubangidansa. A duba tsakanin yatsu: ƙaya, kaska, tsagaggen farce. Kada a ba shi Panadol ko ibuprofen, suna iya yi masa mummunar illa. Idan ya rataye ƙafa ya ƙi takawa, ko ta kumbura, sai likitan dabbobi.

Darasi na 5

Kare mai tangaɗi yana dalalar da miyau, kada a kusance shi, ana iya samun ciwon hauka. Wanda karen ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, ya tafi asibiti nan take. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin allurar rigakafin ciwon hauka da ake yi wa karnuka. A rubuta kalmar rigakafi sau uku.