Darasi na Bakwai: Zafin Ruwan da Ya Dace da 'Ya'yan Tarwaɗa

Kifi ba shi da ɗumin jiki irin na akuya ko kaza, yadda ruwa yake haka jikinsa yake. Idan ruwa ya yi sanyi, cinsa da motsinsa da girmansa duk sukan ragu, idan kuma zafi ya wuce kima sai ya galabaita. Babbar tarwaɗa tana da juriya, har takan leƙo saman ruwa ta shaƙi iska, amma 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe jiya ko shekaranjiya ba su kai nan ba, sai sun yi makonni kafin su iya. Don haka duk wanda zai ƙyanƙyashi tarwaɗa a gida, a baho ko a tankin siminti, ya fara mallakar ma'aunin zafi kafin ya sayi uwar kifi.

Zafin da ake so shi ne daga digiri 27 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyos, kuma wanda ya iya riƙe ruwansa a 28 dare da rana ya dace. A wannan zafi ƙwai yakan fashe cikin awa 22 ko kusa da haka. A digiri 22 sai ya kai wajen awa 38, a digiri 20 kuwa yakan haura kwana biyu. Wannan jinkiri ba ƙaramar asara ba ce, domin duk lokacin da ƙwai ya daɗe a kan ragar da ake baza shi a cikin ruwa, waɗanda suka mutu sukan yi fari, fumfuna ta kama su kamar auduga, sannan ta bazu zuwa masu rai da ke maƙwabtaka da su. Bayan ƙyanƙyasa ɗan kifin yana rayuwa ne da gwaiduwar da ke manne a cikinsa har kimanin kwana 3, kafin ya fara neman abinci. A ruwan sanyi ba ya ci sosai, abincin da aka zuba sai ya kwanta a ƙasa ya ruɓe, ruwan ya lalace.

Kada a ɗauka cewa ƙarin zafi ƙarin riba ne. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar oksijin da yawa: lita ɗaya tana ɗaukar kusan miligiram 9 a digiri 20, amma a digiri 30 ba ta wuce 7 da rabi ba, alhali a lokacin ne 'ya'yan kifin suka fi bukatarta. Da zarar ma'auni ya haura 32, a tashi a ɗauki mataki.

Hannu ba ma'auni ba ne. Da sanyin asuba a watan Janairu, ruwan da ke digiri 23 zai yi wa hannu ɗumi, mai kiwo ya koma ya kwanta da tsammanin komai lafiya. A tsoma ma'aunin a tsakiyar ruwa, a bar shi minti biyu, a karanta lambar tun yana ciki. Lokuta biyu ne suka fi muhimmanci, wato bayan sallar asuba, sa'ad da ruwa ya fi sanyi, da kuma wajen la'asar, sa'ad da ya fi zafi. Su ma kifayen suna nuna alama. Masu lafiya sukan guji haske su taru a kusurwoyi masu duhu suna kaɗa wutsiya, idan kuwa aka gan su a warwatse a ƙasan baho ba kuzari, ko suna shawagi a saman ruwa, to akwai matsala.

Hunturu ne ya fi ba masu ƙyanƙyasa wahala. A Kano da Katsina da Zariya sanyin dare yakan sauko ƙasa da digiri 15 tsakanin Disamba da Janairu, na Jos ma ya fi haka, kuma ƙaramin baho yana saurin hucewa fiye da babban tanki. A sa bahon a cikin ɗaki, a ɗora shi a kan katako don kada siminti ya zuƙe ɗuminsa, a toshe tagogi, a rufe shi da baƙar leda ko tamfol tare da barin 'yar kafa. Ruwan burtsatse da aka jawo yanzu yakan fito da ɗan ɗumi, saboda haka ya fi wanda ya kwana a tankin sama, sai dai a bar shi ya riƙa zubowa a hankali daga sama don ya ɗauki iska. Mai hali ya sayi hitar ruwa mai kashe kanta idan zafi ya kai, amma ya tanadi abin da zai yi in an ɗauke wuta. Wasu sukan hura gawayi a ɗakin. Wannan yana ɗumama wuri, sai dai iskar gawayi a rufaffen ɗaki tana kisa ba tare da an ji warinta ba, don haka kada kowa ya kwana a ciki, kuma a bar mashigar iska.

Da bazara lamarin yakan juye. A watan Afrilu baƙin tankin roba da ke kan rufi yana iya dafa ruwa da rana, kuma buɗe famfonsa kai tsaye a kan 'ya'yan kifi yana iya ƙarar da su a yini ɗaya. A yi wa tankin rumfa da zana, a canja ruwa da sassafe.

Sauyin gaggawa ya fi sanyi ko zafin kansa illa. Kada a taɓa zuba tafasasshen ruwa ko ƙanƙara a cikin bahon. A surka a bokiti dabam, a auna, a tabbata bambancinsa da na baho bai wuce digiri 2 ba, sannan a shigar da shi kaɗan-kaɗan ta siririn tiyo. Haka nan idan an sayo 'ya'yan kifi a leda, a ɗora ledar a kan ruwan kamar rabin awa kafin a kwance bakinta.

Aikin wannan mako shi ne kowane ɗalibi ya cika baho da ruwa ba tare da kifi ba, ya auna shi da asuba da la'asar har kwana bakwai, ya rubuta ranar da lambar a littafinsa, ya zo da shi aji.