Kurakuran da aka fi yi wajen ƙera mazubin ƙwayar gulukos na aljihu

Ƙwayar gulukos ƙwayar sukari ce da mai ciwon sukari ke taunawa in sukarin jininsa ya faɗi. Mai ƙera mazubinta yakan gwada shi yana zaune lafiya lau, hannu ba ya rawa, ido garau. Daga nan matsala take farawa, domin wanda zai buɗe shi mutum ne da sukarin jininsa ya faɗi ƙasa da 70 mg/dL a ma'aunin sukarin jini: jiki na ɓari, zufa ta jiƙa tafin hannu, yana gani dishi-dishi, kai ya ɗaure.

Shi ya sa marfi ne babban wurin kuskure. Marfin da sai an danna sannan a murɗa, irin na hana yara buɗe magani, bai dace a nan ba ko kaɗan. Haka ma ɗan mitsitsin maɓalli mai santsi. Da yawa cikin waɗanda suka daɗe da ciwon sukari, ciwon ya taɓa musu jijiyoyi, yatsunsu ba sa jin abu sosai. A yi marfin da babban yatsa zai ɓalle da hannu ɗaya, mai kaushi, kuma haɗe da jikin mazubin don kada ya faɗi ƙarƙashin kujera. Kafin ka ce ka gama, ka jiƙa hannu, ka sa safar hannu mai kauri, ka kashe fitila, sannan ka gwada buɗewa. Sukari yakan faɗi tsakar dare ma.

Sai maganar yawa. Ƙa'idar da likitoci suka saba bayarwa ita ce gram 15 na sukari, a jira minti 15, a sake aunawa, in bai tashi ba a maimaita. Yawancin ƙwayoyin nan gram 4 ne kowace, wato huɗu a tashi ɗaya. Mazubi mai cin huɗu kacal, don ya yi kyau a jikin makulli, ya ƙare a zagayen farko. Takwas ne mafi ƙaranci, kuma a bar ɗan wuri garai-garai da za a leƙa a ga saura nawa.

Ƙwayar kanta ba ta da ƙwari. In tana kai-kawo a ciki za ta marmashe, garin ya toshe mafita, in danshi ya shiga kuma ta yi laushi ta manne. Sifirin mai laushi da zai riƙe su a jere, zoben roba a bakin marfi, da abin tsotse danshi a can cikin marfin inda ba zai haɗu da ƙwaya ba, sun isa. Kada a auna da ƙwayar kamfani ɗaya, faɗinsu ya bambanta.

Sa wa mazubin batiri kuwa, ban ga amfaninsa ba: ranar da ake buƙata ranar zai mutu. Gara a yi amfani da wurin a rubuta a jiki da manyan baƙaƙe cewa ba a sa wa wanda ya suma komai a baki, a nemi agajin gaggawa.