Babi na Biyar: Yadda Maijego Za Ta Riƙe Ruwan Nononta

'Yar uwa, idan kina da jariri a hannu, ki zauna da shi yadda kike, domin wannan babin tare da shi za mu yi. Ki karanta a hankali, ki sa yatsa a ƙarƙashin kalmar da kike karantawa, idan wata ta yi miki wuya ki tambayi malamar aji ko ta kusa da ke, babu abin kunya a tambaya. A shekarun da na yi ina koyar da mata, maganar da na fi ji daga bakin masu jego ita ce, "Malama, nonona ba ya isarsa." Amma mafi yawansu idan na zauna na kalli yadda suke shayarwa, sai in tarar nonon lafiyarsa ƙalau, kamun da yaron ya yi masa ne bai yi daidai ba.

Darasi na 1: Abin da ke kawo ruwan nono

Duk wadda ta taɓa kiwon akuya ta san cewa akuyar da ɗanta ya daina sha, ba a kuma tatsarta, nononta ƙafewa yake yi. Haka jikin mace yake. Duk lokacin da jariri ya tsotsa ya fitar da abin da ke ciki, jiki yana samun labari cewa ana bukatar ƙari, sai ya haɗa wani. Idan kuwa aka bar nono a cike na tsawon lokaci, jiki yana ɗauka ba a bukata, sai ya rage. Saboda haka matar da ta ce bari ta jira nono ya taru kafin ta bayar, ita ce take rage shi da hannunta ba ta sani ba.

Ƙaramin jariri yana bukatar nono sau 8 zuwa sau 12 tsakanin safiyar yau da safiyar gobe, wato dare da rana gaba ɗaya. Idan ƙirga tana ɓace miki, ki ajiye kofi kusa da gado, duk shayarwa ɗaya ki jefa ƙwayar wake ɗaya a ciki, da safe ki zazzage ki ƙirga. Kada ki yi wasa da shayarwar dare, domin sinadarin da ke sa jiki haɗa nono ya fi yawa da dare. Kada kuma ki jira sai ya tsala kuka. Da zarar kin ga yana juya kai, yana buɗe baki, yana tsotsar hannunsa, to yunwa ce, ki ɗauke shi.

A sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwarsa. Ruwan farko mai kauri, mai launin rawaya, wanda muke kira dakashi, ba ƙazanta ba ne, kada a matse shi a zubar. Shi ne kariyar farko da yaro yake samu daga cututtuka, kuma shi yake taimaka masa fitar da baƙin kashin nan na farko. Kaɗan yake zuwa, amma cikin jariri a ranar farko bai ɗaukar abin da ya wuce kimanin cokalin shayi ɗaya a sha ɗaya. A rana ta 3 ko ta 4 za ki ji nono ya ciko.

Darasi na 2: Kamun nono

Wannan shi ne darasin da aka fi kuskurewa, don haka za mu daɗe a kansa. Ki zauna ki jingina bayanki. Ki juyo da jaririn gaba ɗayansa ya fuskance ki, cikinsa ya manne da naki, kunnensa da kafaɗarsa da ƙugunsa su zama a layi ɗaya, ki tallafi dukan jikinsa, ba kansa kaɗai ba. Ki gwada juya wuyanki gefe ki haɗiye yawu, za ki ji yadda yake da wuya. Haka yaron yake ji idan yana kwance rigingine a cinyarki kansa kaɗai ya juyo.

Yanzu ki shafi leɓensa na sama da kan nononki, sannan ki jira. Ki jira har sai ya buɗe baki sosai kamar mai hamma. A daidai lokacin nan ki jawo shi zuwa nono da sauri. Shi ake kaiwa wurin nono, ba ke za ki sunkuya ki kai masa ba.

Ga abubuwa huɗu da za ki duba. Bakinsa a buɗe yake sosai. Leɓensa na ƙasa ya juyo waje. Haɓarsa tana taɓa nono. Baƙin nan da ke kewaye da kan nono ya shige bakinsa, abin da ya rage a waje ya fi yawa ta saman bakin fiye da ta ƙasa.

Zan sake faɗa, domin a nan ake yin tuntuɓe. Jariri ba kan nono kaɗai zai kama ba, har da baƙin da ke kewaye. Wanda ya kama kan nono kaɗai kamar yaron da ke tsotsar bakin leda ne a ɗaure, zai yi ta ja, ya gaji, ya yi barci da yunwa, bayan ɗan lokaci ya farka da kuka. Ke kuma kan nononki ya tsage, ya riƙa zafi, ki fara jin tsoron shayarwa, nonon ya zauna a cike, jiki ya rage haɗawa. Na ga wata ɗalibata, haihuwar fari, tana cije leɓe tana hawaye duk lokacin da ɗanta ya kama, har ta yanke shawarar sayen madarar gwangwani. Muka zauna a kan tabarma, muka cire shi muka sake sa shi har sau biyar kafin ya buɗe bakin yadda ake so. Da ya kama daidai, sai ta ɗago kai ta ce ba ta jin zafin, muna zaune muna jin ƙarar haɗiyarsa.

Idan kin ji zafi, kada ki daure, kada kuma ki fizge. Ki sa ƙaramin yatsanki mai tsabta a gefen bakinsa har ya saki, sannan ki sake daga farko: ki shafi leɓe, ki jira ya buɗe baki sosai, ki jawo shi. Ko sau goma za ki sake babu laifi, ke da shi duka koyo kuke yi, kuma za ku iya. Ki ajiye littafin nan yanzu ki gwada. Baki a buɗe yake? Leɓen ƙasa ya juyo waje? Haɓa ta taɓa nono? Baƙin ya shiga? Idan ɗaya ya kauce, ki cire ki sake.

Idan ya kama daidai, kumatunsa za su cika, ba za su lotsa ciki ba, zai riƙa ja a hankali yana tsayawa yana haɗiya. Ki bar shi ya gama da nono ɗaya har ya saki da kansa kafin ki ba shi ɗayan, domin ruwan da ke fara fitowa ya fi tsinkewa, na ƙarshe kuma ya fi maiƙo, shi ne ke ƙosar da shi. A shayarwa ta gaba ki fara da wanda kika ƙare da shi, kuma ki sake duba bakin.

Darasi na 3: Maganar ruwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla har ya cika wata 6, daga nan a fara ba shi abinci a ci gaba da nono har shekara 2 ko fiye, kuma shekara biyun nan tana cikin Suratul Baƙara, aya ta 233. Zalla yana nufin ba ruwa, ba koko, ba jiƙo, ba zuma, ba madarar shanu, sai maganin da asibiti ta rubuta.

Na faɗi wannan a aji ban san adadi ba, amma duk da haka sai in ga mace ta fito da cokali tana ɗura wa ɗan wata biyu ruwa, wai zafi ake yi. Haba 'yan uwa! Fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, ko a zafin Afrilu ya ishe shi. Ruwan da kika ɗura masa ya cika ɗan cikin nan, ya rage tsotso, nono ya ragu, sannan ki zo ki ce mini nono ya ƙafe. Ga gudawa da ruwan randa yake jawowa. Haka bulumboti yake, yana koya wa yaro tsuke baki, ya ɓata kamun da muka sha wahalar koyo a darasi na 2. Na san sau da yawa ba ra'ayinki ba ne, na uwar miji ne ko na kaka. Ki yi musu bayani cikin ladabi, ki karanta musu wannan shafin, ko ki roƙi maigida ya yi maganar. Amma kada ki ba da ruwan don gudun ɓacin rai, lafiyar yaron tana wuyanki. Ke ki sha ruwan, shi ki ƙara masa nono.

Darasi na 4: Yadda za ki gane yana ƙoshi

Daga rana ta 5, jaririn da ke samun nono yana jiƙa ƙunzugu sau 6 ko fiye a dare da rana, fitsarin kuma ba mai duhu ba. Yakan ɗan rage nauyi a kwanakin farko, ya mayar da shi wajen mako 2, saboda haka ki riƙa kai shi awo da katinsa. Akwai kwanakin da zai yi ta neman nono kamar ba ya ƙoshi, musamman wajen mako 3, mako 6 da wata 3. Girma yake yi, ki yi ta ba shi, cikin kwana biyu ko uku nonon zai ƙaru. Laushin nono bayan arba'in ba alamar ƙafewa ba ce. Idan fitsari bai kai ba, abu na farko da za ki duba shi ne bakinsa a kan nono.

Darasi na 5: Abincin maijego

Ki ci abin da ke gida ki ƙoshi, ki ƙara a kan yadda kika saba: tuwo da miyar ganye, wake, zogale, kunun gyaɗa, fura da nono, ƙwai, kifi ko nama idan an samu. Ki ajiye ruwa kusa da ke lokacin shayarwa. A rage kanwa a kunu, domin tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shanta a lokacin jego da ciwon zuciya. Idan za ki karɓi maganin tazarar haihuwa, ki faɗa cewa kina shayarwa, saboda wasu ƙwayoyin suna rage nono.

Darasi na 6: Idan za ki fita

Ki wanke hannu, ki tatsa a kofi mai tsabta mai murfi, a ajiye a wuri mai sanyi, a ba shi da ƙaramin kofi ko cokali kafin awa 4. Ko kina waje, idan nono ya cika ki tatsa.

Darasi na 7: Lokacin zuwa asibiti

Ki tafi asibiti idan jariri ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya saki, ko maɗigarsa ta faɗa, ko idonsa ya yi rawaya, ko ke kanki nono ya kumbura ya yi ja da zazzaɓi. Kada ki daina shayarwa kafin ki je.

Aikin gida: ki kwafi abubuwa huɗun nan na darasi na 2 a littafinki sau uku, ki zo da kofin wakenki aji na gaba.