Wuƙar aljihu a hannun bahago: kurakuran da aka fi yi

Yawancin wuƙaƙen aljihu masu naɗewa da za ka gani a kasuwar Kejetia ta Kumasi don badama aka ƙera su, kuma mai sayarwa ba zai faɗa maka ba. Shi ya sa babban kuskuren bahago tun a wurin saye yake faruwa: ya duba kaifi, ya yaba ƙota, ya manta da maƙali, wannan ɗan ƙarfen da ke kama bakin aljihu. Kamfanin Spyderco na Amurka ne ya fara sa shi a jikin wuƙa a 1981, kuma yau wuƙaƙe da dama suna zuwa da ramukan sukuru a gefe biyu. Juya ƙotar ka duba. In babu ramuka a ɗaya gefen, ajiye ta ka nemi wata.

Mafi haɗari shi ne ɗaukar wuƙa yadda ta zo a cusa ta a aljihun hagu. In maƙalin irin wanda ke barin tsini yana kallon sama ne, a aljihun dama bayan ruwan wuƙar yana jingina da ɗinkin baya, ɗinkin ya hana ta buɗewa. A aljihun hagu kuwa ruwan yana fuskantar sararin aljihu. Ka matsu a cikin trotro, wato motar haya, daga Aboabo zuwa Adum, ta ɗan buɗe, ka zura hannu neman canjin kwandasta, yatsa ya gamu da tsini. Maganin shi ne mayar da maƙalin ɗaya gefen. In bai yiwu ba, a maƙala ta a kusurwar gaba ta aljihun, inda ɗinki zai tokare ta.

Wajen mayarwar ma ana ɓarna. Sukurorin galibi masu kan tauraro ne, Torx T6, wasu T8. Mai amfani da sukundireban gyaran waya da bai dace ba zai cinye kan sukurun. Nemi na daidai, ka danna sosai kafin ka murɗa. In za ka ɗiga Loctite, gam ɗin riƙe sukuru, don kada su kwance, shuɗin za ka sa. Jan sai da wuta yake saki.

Akwai masu cewa maƙali yana cin tafin hannu ko yana yaga aljihu, sai su sa filaya su ɓanƙare shi yana jikin wuƙa. Haka ramukan ke lalacewa. Kwance shi tukuna, ka lanƙwasa kaɗan-kaɗan kana gwadawa. Sau da yawa ma laifin na ƙota mai kaushi ne, tana goge yadi duk shiga da fita, kuma 'yar gogawa da samfefa a ƙarƙashin maƙalin ta wadatar. Aljihun kaftanin shadda dai ba wurin maƙali ba ne, yadin bai da kauri. Wando ya fi, ko ka sa tela ya ninka bakin aljihun.

Makulli kuma, wato abin da ke riƙe ruwan wuƙar a buɗe, juya maƙali ba ya gyara shi. Mai ɗan ƙarfen ciki da ake turawa gefe an tsara shi ne don babban yatsan dama, bahago sai ya yi ta fama, yatsansa na kan hanyar kaifi. A ganina mai makulli a gadon baya ya fi masa, ko irin makullin AXIS na kamfanin Benchmade, domin kowane hannu yana rufe su. Kada ka yarda wani a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ya ce zai yi maka walda ya juya makullin, zafi zai kashe ƙarfin ƙarfen.

Idan Baba ko Malam ya ce ara masa wuƙa ya yanke igiya, zaro ta da hagu ba laifi, amma ka rufe ta, ka mayar hannun dama kafin ka miƙa.