Yadda za ka duba feshin mai in wutar injin jirgin sama tana wasa

Abu na farko da za ka riƙe, kananzir ɗin Jet A-1, wato man jirgin sama, ba ya kama wuta yana ruwa, sai ya zama tururi tukuna. Shi ya sa nozul, wato bakin da ke fesa mai, ke tarwatsa shi ya zama ɗigo ƙanana na 'yan gomomin maikron (maikron dubu ne milimita ɗaya), kuma lissafin ba wuya, in faɗin ɗigo ya ninka biyu to lokacin ƙafewarsa ya ninka huɗu. Ita kuma iskar kwamfiresa, wato sashen injin da ke matse iska, ba ta jira, a guje take shigowa ɗakin ƙonawa, don haka ɗigon da ya cika girma sai ya wuce inda wutar take zaune bai gama ƙafewa ba, wuta ta yi rauni, wani lokacin ta mutu gaba ɗaya.

To ka fara da nozul ɗin. Ka cire shi yadda littafin injin ya ce, ka ɗora a bencin gwaji ka kalli feshin da idonka. Wanda ya taɓa feshi a gona ya san abin da nake nufi, lafiyayyen feshi yana buɗewa kamar mazurari, daidai ta ko'ina. In ka ga tsiri-tsiri ko ya karkata gefe, galibi baƙin gawayi ne ya daskare a bakin, kuma wannan tsirin shi ke zuwa ya ƙona fikafikan gaba na tabain, wato sashen da iska mai zafi ke juyawa, sai ka zura kyamarar leƙe ka duba su ma. Don Allah kar ka sa waya ko allura ka ce za ka goge, ramin zai lalace.

Ka gwada shi a ƙaramin matsi ma, nan ne feshi ke ɓaci, balle a can sama inda sanyi ke sa mai kauri, kunna injin da ya mutu ya yi wahala.

Sannan ka duba fikafikan da ke murɗa iska kewaye da nozul, su ke sa iska mai zafi ta juyo baya tana kunna sabon mai.

Amma fa kar ka ɗauka ƙanƙantar ɗigo ita ce komai, wannan yana damuna in na ji ɗalibai na faɗa. In mai ya gauraye da iska sumul kuma ya yi kaɗan, wuta ta fi saurin mutuwa, 'yan wuraren da mai ya ɗan taru su ke riƙe ta in matuƙi ya rage mai zai sauka.