Yadda ake gina gida mai sanyi da tubalin ƙasa a Garwa, Marwa da Njamena

Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 a Garwa da Marwa da Njamena, kuma ɗakin bulon siminti mai rufin kwano yakan riƙe wannan zafi har tsakar dare. Shi ya sa masu zanen gine-gine suka koma ga ƙasa, amma a sabuwar siga: tubalin da ake matsewa da inji bayan an sa masa siminti kaɗan. Hukumar MIPROMALO ta Kamaru, mai bunƙasa kayan gini na gida, ta daɗe tana tallata shi. Katangarsa mai kauri tana shan zafin rana sannu a hankali, kuma simintin da take ci bai kai na bulo ba, siminti kuwa ko an kawo shi daga masana'antar Figil kuɗinsa ba ya wasa.

Aikin yana farawa ne daga gwajin ƙasa, kuma a nan aka fi yin asara. Baƙar ƙasar karal da ake shuka muskuwari (dawar rani) a cikinta tana kumbura da damina, ta tsage da rani, don haka ba ta tubali, kuma harsashin da aka ɗora a kanta yana bukatar shawarar injiniya. Jar ƙasa mai yashi ake nema, wadda aka haƙo daga ƙarƙashin ƙasar noma. A zuba ta cikin kwalba zuwa sulusi, a cika da ruwa, a girgiza sosai, a ajiye ta kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta zauna a sama. Idan yashin ya fi rabi, lakar kuma ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, ƙasar ta yi. Idan lakar ta yi yawa, sai a ƙara yashi.

Bayan an tankaɗe ƙasar, a gauraya ta da siminti a bushe, kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, wato buhu ɗaya mai kilo 50 ga kimanin kilo 800 na ƙasa, sannan a yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan. Magini ya dunƙula curi a hannu ya sake shi daga tsayin ƙugu. In ya watse gari, ruwa bai isa ba; in ya baje bai fashe ba, ruwa ya yi yawa; in ya rabu gida huɗu ko biyar, a sa a inji. Kada a shanya sabon tubali a rana kamar na gargajiya, domin siminti da laima yake ƙarfi. A jera shi a inuwa, a lulluɓe da leda, a riƙa yayyafa masa ruwa mako guda ko biyu, kuma kada a hau gini da shi sai ya cika kwana 28.

Ruwa ne abokin gabar wannan gini, kuma wanda ya ga ambaliyar 2022 da ta 2024 a Yagwa da Kuseri da Njamena ba ya bukatar dogon bayani. Harsashi ya zama na dutse ko kankare, ya ɗaga sama da inda ruwa ya saba kaiwa a unguwar, a shimfiɗa leda mai kauri kafin layin farko na tubali. Katangar gabas, wadda hadari ya fi duka, a ba ta kariya ta musamman da baranda ko doguwar inuwar rufi.

Rufin ya zama hawa biyu: silin na ƙasa ko na katako a ƙasa, kwano a ɗage a sama, da sarari tsakaninsu inda iska za ta ratsa ta kwashe zafi. Da wannan dabara Francis Kéré na Burkina Faso ya gina makarantar ƙauyen Gando a 2001, kuma a 2022 ya karɓi Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya. Dogayen katangu su fuskanci kudu da arewa, tagogi su riƙa fuskantar juna, yamma kuma a dasa mata darbejiya nesa kaɗan da harsashi. A sa indararo da tanki, domin kowace milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce.

Sola a bar ta zuwa ƙarshe, duk da cewa ita mutane suka fi ɗoki, musamman tun da aka kafa tashoshin hasken rana a Marwa da Gider. Gidan da ya riga ya yi sanyi fanka da fitilun LED da firji sun ishe shi, don haka faranti da batir kaɗan zai saya. A kafa farantan suna kallon kudu, a karkace da digiri 10 zuwa 15, a inda za a iya hawa a goge ƙurar hunturu da sassafe, batirin kuma a ajiye shi a ɗakin da ya fi sanyi, domin zafi yana rage masa kwana.