Kurakuran da aka fi yi idan laburaren C ya kashe Jupyter

Ka rubuta laburarenka da C, ka jawo shi cikin Jupyter (manhajar da ake rubuta Python a gwada shi kashi-kashi), kana kiran aikin farko sai Python ya mutu ba sallama, bayanan da ka loda duk suka tafi. Abin da yawanci ake yi shi ne a sake kunnawa, a riƙa sauya layi bisa hasashe. Daina haka. Kwashe layukan da ke jawo faɗuwar ka zuba a ƙaramin fayil, misali `gwaji.py`, ka harhaɗa laburaren da `-g -O0`, ka buɗe fayil ɗin a gdb, manhajar bin diddigin kuskure, da `gdb --args python gwaji.py`, ka ba shi `run`. Yana faɗuwa ka rubuta `bt`, zai jero maka sunan fayil da lambar layi.

Amma kuskuren da ya fi cin lokacin mutane, a ganina, shi ne ɗaukar layin da aka faɗi a matsayin mai laifi. Idan kod ɗinka ya yi rubutu ya zarce ƙarshen jeri, sau da yawa ba a lokacin abin ke fashewa ba. Yakan jira sai an zo sakin memori can gaba, sai ka ga sunan NumPy, laburaren lissafi na Python, ka ɗora masa laifin da ba nasa ba. Nan AddressSanitizer, kayan aikin gano ɓarnar memori, ke da rana: harhaɗa da `-fsanitize=address`, ka fara loda laburarensa, libasan, ta `LD_PRELOAD`, zai kama ɓarnar a inda aka yi ta.

Masu amfani da ctypes, hanyar kiran C daga Python, ku duba `restype`, wato nau'in abin da aiki ke dawowa da shi. Idan ba a saita shi ba, ana ɗaukar abin da aiki ya dawo da shi a matsayin `int` mai bit 32, adireshi mai bit 64 kuwa sai a gutsure shi. Sa `c_void_p`, ka cika `argtypes`, wato nau'ukan abin da kake miƙa wa aikin. Jerin NumPy da aka yanko da tsallake kuma, bi da shi ta `np.ascontiguousarray` kafin C ya taɓa shi.

Ka gyara, ka sake harhaɗawa, ba abin da ya canza? `importlib.reload` ba ya sabunta laburaren C, tsohon yana nan zaune a memori. Sai ka sake kunna Python gaba ɗaya.

Laburaren da aka harhaɗa da NumPy 1 ba ya tafiya da NumPy 2.0 na 2024, sai an sake harhaɗa shi. Duba lambar fita ma, wato lambar da shiri ke bari idan ya tsaya: 139 taɓa adireshin da ba naka ba ne, 137 kuwa galibi memori ne ya ƙare Linux ya kashe aikin, `dmesg` zai tabbatar maka.